Lemo ko Minaral? Tarihin Sunan Abin da Muke Sha a Kwalba

  

Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wasu kalmomi guda biyu waɗanda kullum suna bakinmu, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi inda suka fito ba. Duk wanda aka haifa ko ya girma a nan Kudu ya san cewa in an yi baƙo, abin da ake cewa shi ne, "Kai, je ka sayo wa baƙo minaral." To amma da zarar mutum ya ƙetare Kwara ya nufi gida, sai ya ji ba mai cewa haka, kowa lemo yake cewa. Yaranmu da yawa in sun je hutu Kano ko Katsina ko Sakkwato, da sun buɗe baki sun ce minaral sai a kwashe da dariya, a ce ga 'yan Kurmi nan sun zo da Hausarsu. Wasu yaran daga nan sai su kama bakinsu, su daina sakin jiki da dangi, wasu ma su koma Turanci ko Yarbanci gaba ɗaya don gudun a yi musu dariya. Wannan shi ya sa na ga ya kamata mu bi diddigin kalmomin nan biyu, mu ga wacce ce 'yar gida, wacce ce baƙuwa, ko kuwa dukkansu baƙi ne irinmu.

Ma'anonin minaral

Bari mu fara da tamu ta nan Kudu. Kalmar Turanci ce, ana rubuta ta mineral, kuma Turawan Ingila su ma ba su suka ƙirƙiro ta ba, daga Latin ta zo musu, inda take nufin abin da aka haƙo daga cikin ƙasa. Wato abin da mu muke ce wa ma'adini. Kuzar da aka haƙa a Jos minaral ce, kwal ɗin Inugu minaral ne, haka zinari da gishiri da kanwa. Wannan ita ce ma'ana ta farko.

Ma'ana ta biyu, duk wanda ya zauna ajin sakandare ya gamu da ita a darasin kimiyya, inda malami ke cewa jikin ɗan Adam yana buƙatar wasu sinadarai kamar na ƙarfe don jini da na alli don ƙashi, su ma minaral ake ce musu. Ma'ana ta uku ita ce ruwan marmaro wanda ya ratso cikin duwatsu ya kwaso gishiri-gishirin ƙasa. Ta huɗu kuwa ita ce tamu, wato ruwan zaƙi mai gas da ke cikin kwalba. Mai karatu zai ce to mene ne haɗin kuza da Fanta? Amsar tana cikin ma'ana ta uku, domin ita ce gadar da aka bi.

A ƙasashen Turai akwai wasu maɓuɓɓugan ruwa da ke fitowa daga ƙasa suna tsiyayar kumfa da kansu, ba wanda ya sa musu komai. Akwai na garin Spa a Baljiyam, akwai na Selters a Jamus, akwai na Vichy a Faransa. Tun ɗaruruwan shekaru mutanen can sun ɗauka cewa wannan ruwa magani ne, masu kuɗi kan yi doguwar tafiya su je su sha, su yi wanka, don ciwon ciki ko ciwon gaɓoɓi ko tsakuwar ƙoda. Har ɗura shi ake yi a tuluna ana kai wa wasu ƙasashe ana sayarwa da tsada. Sunan wannan ruwa a Turance shi ne ruwan minaral. To da yake talaka ba shi da halin zuwa can, sai masana suka shiga neman yadda za su haɗa irinsa da hannunsu.

A shekarar 1767 wani malamin coci kuma masanin kimiyya mai suna Joseph Priestley yana zaune a garin Leeds na Ingila, gidansa kusa da wani wurin dafa giya. Ya lura cewa akwai wata iska mai nauyi da ke taruwa a saman manyan randunan da giyar ke tsima a ciki. Sai ya sa ruwa a cikin wannan iska, ya ga ruwan ya shanye ta, ya koma yana tsatstsafa a harshe kamar na marmaron Jamus. Iskar nan ita ce kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma muke ce wa gas. A 1772 ya buga ɗan littafi ya bayyana yadda kowa zai iya yi.

Wani abin sha'awa a nan shi ne, a lokacin an sa rai cewa wannan ruwa zai warkar da wata cuta da ke kashe matuƙan jiragen ruwa, wadda ke sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini har haƙora su zube. Ruwan bai yi maganin komai ba. Abin da ya yi maganin cutar shi ne ruwan lemun tsami, wanda rundunar ruwan Ingila ta fara raba wa sojojinta a 1795. Ashe tun a wancan lokaci minaral da lemo suka fara takara, kuma lemo ne ya ci zagayen farko.

Shi Priestley bai yi kasuwanci da abin ba. Wanda ya mai da shi sana'a wani Bajamushe ne mai gyaran agogo a birnin Geneva, sunansa Jacob Schweppe. A 1783 ya fara haɗa ruwan da yawa yana ɗurawa a kwalba yana sayarwa, a 1792 kuma ya buɗe masana'anta a Landan. Sunansa ne har yau muke gani a jikin kwalbar Schweppes. Da farko a wajen masu sayar da magani ake samunsa, likitoci ne ke cewa a sha. Daga baya, wajen shekarun 1830, aka fara zuba masa sukari da ruwan lemo da citta don ya yi daɗin sha. Magani ya tafi, zaƙi ya zo, amma sunan bai canza ba. Masu wannan sana'a a Ingila da Ailan suka ci gaba da kiran kansu masu haɗa ruwan minaral, jama'a kuma suka gajarce suka ce minaral kawai.

Yadda ta iso mana

Kalmar ta jirgin ruwa ta zo. Turawan da suka zauna a Ikko da Kalaba da sauran garuruwan bakin teku suna tsoron ruwan rijiya da na rafi ƙwarai, domin zazzaɓi da ciwon ciki sun kashe musu mutane da yawa. Saboda haka kamfanonin cinikinsu, irin su John Holt da G.B. Ollivant da kuma UAC daga baya, sukan shigo da kwalaben minaral tare da sauran kayan kanti. Akwai ma wani iri mai ɗaci da ake sa wa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ce wa tonik. Kuku da boyi da akawu da 'yan makarantar mishan su suka fara jin kalmar daga bakin Bature, daga nan ta shiga Turancin kasuwa, ta shiga Yarbanci da harshen Ibo.

Haɗa shi da yawa a cikin gida kuwa sai wajen ƙarshen mulkin mallaka. A 1951 A.G. Leventis, wani ɗan kasuwa Bagirke daga tsibirin Cyprus, ya kafa kamfanin Nigerian Bottling Company, a 1953 suka fara ɗura Coca-Cola a Ebute Metta cikin Ikko. A 1960 suka fito da Fanta mai ɗanɗanon lemun zaƙi, a 1961 kuma suka buɗe masana'antarsu ta biyu a nan Badun. Shi kuwa 7Up, iyalan El-Khalil 'yan asalin Labanan ne suka kawo shi, kuma ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka samu 'yancin kai, ita ce ranar da suka fara aiki a Ijora.

Abin mamaki, a Ingila kanta yau ba kasafai za ka ji wani ya ce minaral yana nufin ruwan zaƙi ba, kalmar ta tsufa a wurinsu. Waɗanda suka riƙe ta su ne mutanen Ailan, da mu, da 'yan uwanmu na Gana. Mai kaya ya yar, mu muka tsinta muka adana.

Asalin lemo

To yanzu mu koma kan ta gida. Mutane da yawa sun ɗauka cewa lemo daga kalmar Turanci ta lemon aka samo ta. Ba haka abin yake ba. Bahaushe ya san lemo tun kafin ya ga Bature. Kalmar daga Larabci ta zo, laimun, su kuma Larabawa daga Farisawa suka karɓa, itacen kansa kuwa asalinsa daga yankin Indiya ne da maƙwabtanta. Larabawa ne suka yaɗa shi zuwa Masar da Arewacin Afirka da Andalus. Turawa a wurinsu suka samu sunan, ya bi ta Faransanci ya shiga Turanci. Mu kuma ya zo mana ta hamada, tare da ayarin raƙuma da malamai da alhazai, kamar yadda albasa da sabulu da alƙalami da sukari suka zo. Ke nan lemon na Bature da lemo na Bahaushe 'yan uwa ne, kakansu ɗaya, ba wanda ya haifi wani.

Kuma haɗa ruwan lemo da sukari a sha, shi ma ba Bature ne ya fara ba. Mutanen Alƙahira suna yin haka suna sayarwa tun kusan shekara dubu da suka wuce. Wani likitan Sarki Salahuddin mai suna Ibn Jumai ya rubuta littafi sukutum a kan amfanin lemo a ƙarni na 12. Sai a 1676 ne aka kafa ƙungiyar masu tallar ruwan lemo a birnin Paris, suna yawo da tanki a baya suna zuba wa mutane a kofi, kamar dai masu tallar kunu.

Lemun da Bahaushe ya fara sani shi ne ɗan ƙaramin nan mai tsami, wanda ake matsawa a kunu ko a sha don mura. Da babban mai zaƙi ya zo daga baya, Larabawa sai suka ba shi sunan ƙasar mutanen da suka yi fice wajen yaɗa shi, suka ce burtuƙal, wato Fotugal. Bahaushe bai wahalar da kansa ba, ya ce wannan lemun tsami, wancan lemun zaƙi. Wannan dabara ta ƙara wa suna jela ita ce ta yi aiki lokacin da kwalba ta zo.

A ganina abubuwa biyu ne suka haɗu suka shigar da lemo cikin kwalba. Na farko, cikin kwalaben da kantunan Turawa ke sayarwa akwai wanda ake kira lemonade, kunnen Bahaushe kuwa da ya ji wannan, lemo zai ji. Na biyu, waɗanda suka fi shiga cikin jama'a, irin su Fanta da 7Up da Sprite, duk ɗanɗanon lemo gare su, wani na zaƙi wani na tsami. Mutum ya kurɓa ya ji lemo, ya duba ya ga kwalba, sai ya ce lemun kwalba. Da sunan ya zauna sai ya haɗiye sauran, har baƙin nan mai launin shayi wanda ba ruwansa da lemo, shi ma ya zama lemo. Yau ga lemun gwangwani, ga lemun roba, ga lemun kwali, ga na abarba da na mangwaro da mata ke haɗawa a gida, duk lemo ne. Abin har ya kai shi lemun ainihi, mai suna tun asali, sai an ce lemun ɓawo kafin a gane shi ake nufi. Ɗan haya ya kori mai gida ke nan.

Saboda haka in muka duba da kyau, lemo ta hamada ya zo a kan raƙumi, minaral ta teku ya zo a cikin jirgi. Irin wannan tagwaitaka ba baƙon abu ba ne a Hausa. Muna da sukari na Larabci muna da suga na Turanci, kuma duk muna amfani da su, ba wanda ake wa dariya.

Kanwa da goro da ƙaro

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ya shafe mu kai tsaye, mu jikokin fatake. A Amurka da ƙasashen Gabashin Afirka sunan da aka fi sani shi ne soda. Dalili kuwa shi ne masu haɗa ruwan na farko sukan zuba masa wani farin gishiri mai wannan suna, don ya yi kama da na marmaro, ya kuma kwantar da ƙwannafi. Wannan gishiri ɗan uwan kanwa ne na jini, domin sinadarin da ke cikinsa shi ne ke cikin kanwar da muke jiƙawa mu sha in ciki ya ɓaci. Kanwar nan kakanninmu ne suka riƙa ɗauko ta daga Barno da bakin Tafkin Chadi suna kawowa Kudu, shi ya sa Bayarabe ke ce mata kaun, Ibo ke cewa akanwu. Mu a nan in an ce soda, sabulun wanki ne ke fara zuwa mana a rai, shi ma kuma daga dangin wannan sinadari ya samo sunansa.

Sai kuma goro. A 1886 wani mai haɗa magunguna a birnin Atlanta na Amurka, John Pemberton, ya haɗa wani ruwa da ganyen koka na Kudancin Amurka da kuma goro, ana sayar da kofi ɗaya a kan senti 5 a shagon magani. Daga waɗannan abubuwa biyu aka samu sunan Coca-Cola, domin kola shi ne sunan goro a wurin Turawa, su ma daga harsunan Afirka ta Yamma suka are shi, wajen Saliyo da ƙasar Mande. Pepsi-Cola, wanda Caleb Bradham ya raɗa wa suna a 1898, shi ma wannan jela ya ɗauka. Goron kuwa tun zamanin cinikin bayi ya ƙetara teku, har yau a Barazil obi ake ce masa, sunansa na Yarbanci.

Goron nan shi ne ya kawo yawancinmu nan. Kakanninmu sun yi fataucin Gwanja, madugu na gaba ayarin jakuna na biye, a yi watanni a hanya kafin a kai kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, a kai kanwa da tufafi da kayan fata a dawo da goro. Da aka fara shuka irin goron Gwanja a ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Ota da Shagamu, ga kuma jirgin ƙasa da ya iso Badun a 1901 ya kai Kano a 1911, sai hanyar ta juyo nan. Unguwar Sabo ta Badun a 1916 aka kafa ta, kuma goro da shanu su ne ginshiƙinta. Har yau Bayarabe yana kiran wannan irin goro obi gbanja, wato goron Gwanja, don bambanta shi da nasu na gargajiya, abata. Mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa cikin huhun goro, yakan ce in ya ga motar lemo ta wuce da rubutun kola a jikinta, ji yake kamar ya ga ɗan maƙwabci da ya je Turai ya dawo da kwat. Sai dai yawancin lemun kola na yau sunan ne kawai ya rage, ba goron gaske a ciki.

Abu na uku shi ne ƙaro, wanda ake samu a jikin itacen dakwara. Masana'antun lemo na duniya suna amfani da shi don ya riƙe ɗanɗano da launi kada su rabu da ruwan su taso sama. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye, namu kuma daga Barno da Yobe da Jigawa yake fitowa. Kun ga ke nan kwalbar da muke wa kallon kayan Bature, akwai hannun mutanenmu a cikinta ta fuska uku.

Kowa da sunan da ya ba shi

In mai karatu yana ganin mu kaɗai ne muka rabu biyu a kan suna, to ya leƙa wasu wurare. A Amurka wasu jihohi soda suke cewa, wasu pop saboda ƙarar da murfi ke yi in an buɗe, mutanen kudancinsu kuwa kowane iri kok suke ce masa. A birnin Glasgow ginger suke cewa, wato citta, ko da babu citta a ciki. 'Yan uwanmu na Nijar da sauran ƙasashen renon Faransa sukan ce sucrerie, ma'ana kayan zaƙi. A Sudan barid ake cewa, wato mai sanyi. Maƙwabtanmu Yarbawa in suna son su yi zallar harshensu sukan ce oti elerindodo, oti kuwa shi ne sunan da suke kiran giya da shi. Kowace al'umma ta kama wani abu guda a jikin kwalbar ta mai da shi suna, wani zaƙin, wani sanyin, wani ƙarar, wani gishirin. Bahaushe ya kama ɗanɗanon, kuma ya zaɓi sunan da ya nisanta abin daga giya tun daga bakin magana.

Su Turawa suna raba abin sha gida biyu, mai ƙarfi wato mai sa maye, da mai taushi wato wanda ba ya bugarwa. Daga nan ne samarin yanzu suka samo soft da suke faɗa. Har nakan ga wasu sun rubuta "abin sha mai laushi" da sunan Hausa. Jama'a, wannan ba Hausa ba ce. Laushi na katifa ne da tuwo. A ce lemo, ko a ce minaral, kowa zai gane.

Abin da ya kamata mu ɗauka

Na farko, game da yaranmu. Duk wanda ya yi wa yaro dariya don ya ce minaral, a tuna masa cewa agogon da ke hannunsa da akwatin da ke ɗakinsa da ashanar da ke kicin ɗinsa da keken da yake hawa, duk sunayen daga Yarbanci suka shiga Hausa, kuma mutane irinmu mazauna Kurmi ne suka kai su gida. Su ma Yarbawa sun karɓi alubosa da wahala da alafia ta hannun mutanenmu. Haka harshe yake, ɗan kasuwa ne, yana saye yana sayarwa. Amma mu ma iyaye da yayye akwai namu aikin. Yaron da ya san minaral ya kuma san lemo ya ƙaru. Wanda ake ji wa tsoro shi ne yaron da bai taɓa jin lemo a gidansu ba, domin yau lemo ne, gobe gaisuwa ce, jibi kuma sai an nemo mai fassara tsakaninsa da kakarsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu riƙa yi musu Hausa a cikin gida, Turanci da Yarbanci za su same su a waje ko ba mu so.

Na biyu, game da lafiyarmu. An ce suna linzami ne, to sunayen nan biyu duk sun ja mu zuwa inda ba nan ba ne. Minaral yana sa mutum ya ji kamar wani abin gina jiki yake sha, lemo kuma yana sa ya ji kamar 'ya'yan itace ne. Gaskiyar magana yawancinsu ruwa ne da gas da sukari da launi da ɗan ƙamshi. Lemun kola yakan ɗauki kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar nan ta rabin lita tana da wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin wannan adadi, in ma da hali ya tsaya a rabinsa. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini guda, ba a zo kan shayin safe ba tukuna. A ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, aka fara karɓa a 2022, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne yawaitar ciwon suga.

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa shiga wannan hatsari. Mutum yana zaune a rumfa tun safe har magariba, rana ta yi zafi, a miƙo mai sanyi da burodi, shi ne abincin rana. Baƙo ya zo a buɗe wani, a taya shi sha. Da azumi kuwa wasu da shi suke buɗe baki, ciki ba komai. Duk wanda ke zaune a Sabo ko Agege ya san dattijo ɗaya ko biyu da ciwon suga ya taɓa wa ido ko ƙafa, kasuwa ta tsaya, abin da aka tara ya tafi asibiti. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Ban ce a daina sha ba, domin ni ma ina sha, kuma akwai 'yan uwanmu da yawa da ke cin abinci da wannan sana'a. Abin da nake cewa shi ne a rage, a kuma daina ganin cewa ba a karrama baƙo ba sai an ajiye masa kwalba. Baƙonka annabinka, gaskiya ne, amma iyayenmu da ruwan randa da fura da goro suka karɓi baƙinsu, ba kuma wanda ya tafi yana ƙorafi. Kunun aya da zoɓo da kunun zaƙi da ruwan tsamiya suna nan, in an haɗa su a gida mai haɗawa ce ke da iko da cokalin sukari, kuɗin kuma a hannun matanmu zai tsaya. A biki ko suna, in an sayo kiret goma, a rage biyar a sa kunu a madadinsu.

Daga ƙarshe ina roƙon dattawanmu da suka ga zamanin da kwalbar farko ta shigo unguwanninmu, su riƙa ba mu labarin yadda abin ya kasance da sunayen da aka kira shi da su a lokacin, mu kuma matasa mu rubuta mu ajiye. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya.